Hanyar Gabon da Godiyar Baba Terna

Gari na wayewa mai jirgin ya rage ƙarar inji, ya nuna mana wani bakin ruwa inda itatuwa suka tsaya cikin taɓo da saiwoyinsu a waje, ya ce, "Ga Gabon nan. Ku sauka maza kafin jandarmomi su zo."

Muka dira cikin taɓo har gwiwa, kowa da jakarsa a ka. Tawa ta fi ta kowa nauyi, don kayan aikina ne a ciki: injin yankan tayil, cokalin siminti da gudumar roba. Kafin na ƙarshenmu ya kai tudu jirgin ya juya, ya bar mu da hayaƙi. Sai da rana ta ɗaga muka hango wani masunci cikin kwalekwale, muka yafuto shi, muka tambaye shi hanyar Libreville. Ya ƙare mana kallo, ya girgiza kai, ya ce da buroka, wato Turancin kasuwa, nan Kamaru ne, ko rabin hanyar Gabon ba mu yi ba. Ya ƙara da cewa ba mu ne na farko da aka zubar a wurin ba.

Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Samari suka koma bakin ruwa suna zagin jirgin da ya riga ya ɓace. Ni kuwa na zauna a kan jakata, ko hawaye na rasa. Filin da mahaifina ya bar mini a hanyar Shabu na sayar na miƙa wa ejan da ya shirya mana tafiyar, kuma a ranar, matata Hannatu ba ta ce kada in je ba. Cewa kawai ta yi, "Baban Rahila, ka tabbata da mutumin nan?" Na ce mata tare muke sujada da shi.

A gefena wani dattijo ya tuɓe takalmi yana kankare taɓo da tsinke. Sai na ji ya ce a hankali, "Msugh Aondo." Na yi zaman kasuwa da Tiv, na san abin da ya faɗa: na gode wa Allah.

Na juyo na ce, "Baba, da me ka gode?"

Ya ce, "Da ƙasa. Jiya duk yini ruwa ne a ƙarƙashinmu, ni kuma ban iya iyo ba. Yau ga ƙasa."

"Ƙasar da ba ita muka biya ba."

"E, ba shi muka biya ba. Amma ƙasa ne."

Na kau da kai, don da na ci gaba da kallonsa da na faɗi abin da ba a faɗa wa babba.

Baba Terna ke nan, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Na san fuskarsa tun a Lafia, a kasuwar doya, inda yake lodin manyan motoci. A motar Oron, garin da muka hau jirgin, muka gane juna, shi ya haura hamsin, ni Ayuba ina da ƙuruciyata da sana'ar shimfiɗa tayil a hannu. Ejan ɗaya ne ya yi mana alkawari: ni aikin gini, shi gadi.

Masuncin nan ya kwashe mu zuwa ƙauyensu, gidajen katako da aka kafa a kan turaku cikin ruwa. Da yawa daga cikinmu suka nemi jirgin komawa gida. Ni kunya ta hana ni. Da wace fuska zan shiga Lafia, babu fili, babu Gabon? Baba Terna ma ya ce gaba zai yi. Wata mai bandar kifi da ake kira Mami Rosa ta ɗauke mu aiki, mu saro itace a fadama, mu jera kifi a kan waya, mu hura wuta. Ladanmu abinci da makwanci, da ɗan abin da za mu tara na mota.

Hayaƙi ya mai da idanuna ja. Sauron wurin ba ya jiran faɗuwar rana. A Lafia in an yi ruwa ana ɗaukewa rana ta fito, a can kuwa sai a wuni ana yi a tashi da shi, rigata ba ta taɓa bushewa sosai ba. Abinci rogo da kifi, in an canja, kifi da rogo. Ina juya kifi a kan wuta ina tunanin sakwara da miyar riɗi, da ƙarar babura a shataletalen Lafia wadda a da take hawa mini kai.

Kowace safiya kuwa, kafin Baba Terna ya sa komai a baki, sai ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah dominsa, da ƙarfi yadda na kusa zai ji. Yana da ƙa'ida: ba ya maimaita na jiya. Yau ya gode gatari ya yi kaifi. Gobe ya gode ciwon bayansa ya koma gefe ɗaya. Akwai ranar da ya gode cewa ƙaguwar da ta cije shi ƙarama ce. In ya gama sai ya dube ni ya ce, "Kai fa, Ayuba? Ina na yau?"

Ni kuma in ce, "Ka gode mana gaba ɗaya, Baba."

Ba wai ban san coci ba ne. A ciki na tashi, na yi shekaru cikin mawaƙa. Amma a sanina godiya tana da ranarta, wato godiyar kaka a watan Nuwamba. A ranar ne ake yin anko, a ɗaure doya da kirtani, a ja akuya, zumuntar mata su shigo da rawa suna kaɗa tukwane, gida gida a kira suna a fito gaban bagadi. A wannan rana mutum ya biya Allah godiyar shekara, ya koma harkarsa. Sauran ranaku kuwa "mun gode Allah" amsar gaisuwa ce kawai, ana faɗinta ko ana kan hanyar asibiti.

Wata Lahadi na ari wayar ɗan Mami Rosa, na hau kan wani tulin itace inda sabis ke kamawa, na kira Hannatu na gaya mata gaskiyar inda nake. Ta ce, "Kana da rai dai?" Na ce ina da rai. A bayanta ina jin ganguna da guɗa. Ta ce ai yau ce godiyar kaka, an kira sunan gidanmu, ita da Rahila suka fita da kwanon gyaɗa. Sai layin ya yanke.

Na sauko na tarar da Baba Terna yana fasa itace yana ɗan waƙa. Abin da ke cikina ya fashe a kansa.

Na ce, "Baba, godiyar nan taka ba yaudarar kai ba ce? An cuce mu, an zubar da mu kamar shara. Matata ta fita gaban jama'a da kwanon gyaɗa. Kai kuma kana gode wa Allah da ƙaguwa!"

Ya jingine gatarin ya zauna. Ya ce, "Ka taɓa ji na ce na gode da an cuce mu? Ban faɗa ba, ba zan faɗa ba. Wanda ya cuce mu, Allah zai tambaye shi. Ni ma ina kai ƙara, kullum. Amma in na gama kai ƙara, sai in duba me ya rage a hannuna."

A ranar ya ba ni labarinsa. Da yana da gonar doya wajen Awe, da rumbuna, da ɗa namiji babba mai suna Aondona wanda ya kusa aure. Rikici ya tashi, aka ƙone ƙauyen, yaron bai fita ba. Suka gudo Ashige, kusa da Lafia, da kayan jikinsu. Ya ce tun daga ranar da aka binne yaron, bakinsa ya rufe, ba addu'a, ba coci, ko amin ba ya iya cewa.

"Matana, Mama Doose, shi ne ya fara," in ji shi. "Kowane safe zai kawo kunu, ya zauna kusa da ni, ya faɗi abu ɗaya. Na gode da rana. Na gode da maƙwabci ya ba mu tabarma. Ina jin haushinsa kamar yadda kake jin haushina. Sai da aka yi damina aka yi rani, sannan wata rana na ji bakina ya amsa."

Ya ɗauki gatarinsa ya ce, "A shekaran da ban girbe ko doya ɗaya ba, da godiyar kaka kawai na sani, da ni da Allah mun rabu. Gonan da ake shiga sau ɗaya a shekara, ciyawa ke cinye shi."

Ban yarda da shi ba a lokacin. Na dai daina yi masa ba'a.

Bayan Kirsimeti muka hau motar busasshen kifi zuwa Douala. A can wani ɗan ƙasarmu mai laktaye da daɗin baki ya tare mu a tasha, ya ce shi ke yi wa mutane takardar ƙetare iyaka. Ya kai mu wani ɗaki da ya kira ofishinsa, ya ce mu ajiye jakunkuna mu je ƙarshen layi a ɗauke mu hoto. Da muka dawo ƙofa a kulle. Maƙwabta suka ce ɗakin ajiyar wani tela ne, ba su san wani mai laktaye ba. Jakunkunanmu sun tafi ke nan, har da kayan aikina. Injin yankan tayil ɗin nan shekaru na yi ina tari kafin na saye shi. Shi ne abin da zan nuna a ce ni mai sana'a ne, ba ɗan ci-rani da hannu biyu kawai ba.

Washegari muka tashi a barandar wani shago. Na ga Baba Terna yana gyara zama, na ce, "Baba, in ka gode yau, rabuwa za mu yi."

Ya ce, "To, zan yi a ciki." Amma ina ganin leɓensa yana motsi.

Muna cikin wannan ce-ce-ku-ce sai wani mutum mai jan hula da ke tura baro da ɗanyen nama ya tsaya, ya ce, "Salamu alaikum. Wannan Hausar ai ta Lafia ce. Daga wace unguwa?"

Na ce Tudun Kauri. Ya saki baron ya riƙe hannuna da hannu biyu. Sunansa Malam Sule, mutumin Kwandere, ya daɗe a Douala yana sana'ar tsire. Bai tambaye mu addininmu ba, bai tambaye mu yadda aka yi ba, shayi da burodi ya fara sa aka kawo. Muka zauna a rumfarsa har aka kusa Ista, ina yanka albasa ina soke nama, Baba Terna yana hura gawayi. In Baba ya faɗi tasa ta safe, Malam Sule ya ce, "Alhamdu lillahi, ni ma a sa ni a ciki." Da yamma sai ya zaunar da mu ya yi ta tambaya: mangwaron bakin hanyar Kwandere yana nan? Har yanzu ana kawo gishirin Awe kasuwa?

Shi ya haɗa mu da wani direba da ya amince da shi, mai kai ayaba Gabon. Ranar tafiya ya miƙo mini wani ƙunshi. Na buɗe, cokalin siminti ne da gudumar roba, na hannu, ya sayo a kasuwar gwanjo. Ya ce injin ya fi ƙarfinsa.

Na ce, "Na gode, Malam, Allah ya saka." Na juya zan hau mota.

Baba Terna ya riƙe mini riga. "Faɗa masa da me."

Na ji nauyi, amma na tsaya. Na ce, "Malam, na gode da ka tsaya ranar nan alhali naman ka na jiran wuta. Na gode da ba ka taɓa sa mun ji mu baƙi ne a rumfarka ba. Na gode da ka tuna ni mai sana'a ne, ranar da ni kaina na manta."

Malam Sule ya cire hularsa ya mayar, ya kalli gefe. Ya ce ya sauki 'yan gida da yawa a rumfar nan, kowa Allah ya saka yake cewa ya wuce, kuma ba laifi ba ne. Sai ya kasa ƙarasawa, ya ce, "Ku hau, direba na jira." A cikin motar, kwance tsakanin nonnan ayaba an rufe mu da tamfol, na yi ta mamakin yadda maganar da ba ta ci mini komai ba ta girgiza babban mutum haka.

A Libreville abubuwa suka gyaru. Wani ɗan Mali, Oga Bakari, shugaban ma'aikata a wani bene da ake ginawa kusa da teku, ya ba ni banɗaki ɗaya ya ce in gwada. Da ya dawo ya shafa tafin hannunsa a kan tayil ɗin, ya ba ni hawa guda. Baba Terna ya samu aikin ɗaukar bulo. Muka kama ɗakin kwano a wata unguwa ta baƙi, muna kauce wa manyan tituna saboda ba mu da takardar zama. Na fara aika wa Hannatu ɗan abu. Rahila ta koma makaranta.

A nan na ga wani abu a kaina da ban zata ba. A ƙauyen Mami Rosa, ko ba komai ina rigima da Allah, ina tuna Shi. Da ciki ya cika kuwa, sai in tashi in wanke fuska in ruga wurin aiki, hankalina duk yana kan injin da zan saya da filin da zan mayar. Na ce a raina, bari in koma gida da abin kirki, in ja rago gaban bagadi kowa ya gani. Baba Terna dai bai fasa ba, bai kuma ƙara ba. Yadda ya gode da ƙaguwa, haka ya gode da albashi, murya ɗaya.

Wata ranar Talata da hantsi, katakon da aka ɗaure ana hawa ya karye. Ina ciki ina aiki na ji ƙara da ihu. Na fito na tarar da Baba Terna a ƙasa, bulo a kan ƙafarsa ta dama. A asibiti suka yi iya ƙoƙarinsu, daga baya suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da aka sallame shi na kawo shi ɗaki. Safiyar farko na dama koko, na zauna ina jira. Ya juya fuskarsa ga bango. Na jira washegari, shiru. Mutumin da ko barazanata ba ta hana leɓensa motsi ba, yanzu ya kwanta kamar an zare masa harshe. Abinci sai na matsa. In 'yan cocin da muke zuwa sun zo yi masa addu'a, ya rufe ido kamar mai barci. Shirun nan ya fi ihun ranar haɗarin tsorata ni. Sai a lokacin na gane ashe duk tafiyar nan da muryarsa nake tashi.

Na tuna Mama Doose, matar da ban taɓa gani ba. Wata safiya na ajiye kokon, na zauna bakin katifarsa, na yi gyaran murya. Na ce, "Na gode wa Allah famfo ya kawo ruwa yau."

Bai juyo ba. Ya ce, "Fita."

Na fita. Washegari na sake, da wani abu dabam. Ya ce, "Kai ba ka san komai ba." Na ce gaskiya ne. Rana ta uku ma na sake.

Ban san abin yana da wuya haka ba. Kwana kaɗan na cinye duk waɗanda ke kusa, rai, lafiya, abinci, iyali. Tun da ba a maimaitawa, dole na fara nema. Sai na zama ina wuni ina farautar abin da zan faɗa gobe. A haka na lura ashe wata 'yar Kwatano da ke ɗakin gaba ita ce ke share mana ƙofa tun ranar da aka kwantar da Baba. Na lura Oga Bakari yana sallamata da wuri ba tare da ya ce don me ba. Na lura da wata bishiyar gwanda a bayan ɗakinmu da na yi watanni ina wucewa ban gan ta ba. Duk suna nan tun da, ni ne ban duba ba.

Akwai kuma ranakun da na nema na rasa. Ranar da ciwon ya ruɓe aka sake komawa asibiti, da safe na zauna na ce, "Ya Uba, yau ban samu ba. Ga ni dai na zo." Na ɗauka ko wannan ma Yana karɓa.

Ana haka Oga Bakari ya kira ni gefe ya ce ya samu babban aiki a wani gari, otal guda, zai kai shekara, kuma ni yake so in riƙe tayil ɗin duka. Da wannan aiki da na mayar da filin mahaifina har da ƙari. Amma Baba Terna ba zai iya zama shi kaɗai ba, kuma ba zai iya doguwar hanyar gida shi kaɗai ba. Da na gaya wa Baba, ya ce da bango, "Ka je. Ka sa ni a mota kawai, in na kai na kai."

Na kira Hannatu na zayyana mata komai, har da girman otal ɗin, don a raina so nake ta ce in zauna. Ta saurara har na gama, ta ce, "Baban Rahila, da kai ne a kwance fa? Ka kawo shi gida."

Ba zan ce na yi murna ba. Amma 'yan coci suka taimaka aka samo mana takardar komawa, aka yi wa Baba sandunan dogarawa, muka kama hanya.

Mota bayan mota, daji bayan daji. A kowace tasha ni ke goya shi in sauke, in kai shi bayan gida, in wanke ciwon in sake ɗaurewa. A kowace safiya kuma, ko a benci ko a bakin titi, ina faɗin abu ɗaya. Ya daina cewa in fita, don babu inda zan fita, amma bai taɓa amsawa ba.

Bayan mun shigo Najeriya, mun wuce Ogoja, direba ya tsaya shan mai a wani ƙauye. Wata mata tana gasa doya a bakin hanya. Na sayo da manja da barkono, na kawo masa ta taga. Ya karɓa ya ɓare, ya duba cikinta, ya shinshina, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa.

Ya ce, "Wannan doyan Benue ne."

Na ce, "Haka ne, Baba?"

"Ƙasan mu ne ya haife shi." Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu, bai share ba. Ya ce, "Msugh Aondo." Sannan ya ɗaga mini yatsa kamar mai gargaɗi. "Ba don ƙafa ba. Maganan ƙafa, ni da Shi ba mu gama ba. Don doya ne."

Na ce, "Na ji, Baba."

"Kai kuma, ɗana, na gode maka. Da ka goya ni. Da otal da ka bari. Da surutunka na safe, ko da yake rabinsa ba shi da daɗi."

Na yi dariya har matar mai doya ta juyo tana kallonmu.

A Ashige Mama Doose tana shanyar rogo muka iso a keke napep. Ta ga ƙafar wandon da aka naɗe aka soke da fil. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, ta karɓe shi daga hannuna kamar mai karɓar kayan da ta ba da ajiya, suka shiga ciki tana yi masa magana da Tiv ƙasa ƙasa. Ta so in tsaya in ci abinci, na ce zan dawo.

La'asar ta yi na sauka a Tudun Kauri da jaka marar nauyi. Tun daga nesa na hango Hannatu a bakin layinmu, zaune gaban kasko tana suyar ƙosai da doya. Ban bar ta da wannan sana'a ba. Ta ɗago ta gan ni, ta miƙe da matsamin a hannu, Rahila ta rugo ta rungume ni. Maƙwabta suka taru ana sannu da hanya, wasu suna satar kallon jakar.

Da muka shiga ɗaki ta kawo mini ruwa. Tana miƙo kofin na ga hannunta, duk tabon ƙunar mai, sabo a kan tsoho, har gwiwar hannu. Na riƙe hannun.

Na ce, "Maman Rahila, na gode."

Ta ce, "Da ruwa?"

"Da kaskon nan da kika zauna gabansa. Da kwanon gyaɗar da kika fita da shi ba ki ji kunya ba. Da ba ki taɓa ce mini ai kin faɗa ba. Da kika ce in kawo shi gida."

Ta janye hannunta ta ɓoye cikin zani. Ta ce, "Baban Rahila, lafiya kuwa? Me aka yi maka a Gabon?"

Na ce, "Gobe ma zan faɗa. Wani dabam."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu goben."

Washegari na faɗa, ɗaya ga Allah, ɗaya gare ta. Haka na ci gaba, a watannin da aiki ya samu da waɗanda na wuni a bakin shagon masu tayil ba wanda ya kira ni. Filin bai dawo ba har yau. Ita kuwa ta daɗe tana taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne, tana gaya wa 'yan zumuntar mata cewa mijinta ya dawo da wata sabuwar al'ada, a taya ta addu'a.

Wata safiya cikin damina, an kwana ana ruwa, rufinmu ya yi yoyo har kan katifa, ga shi babu aiki a makon. Na zauna bakin gado ina kallon bokitin da muka tara, ina nema ban samu ba. Hannatu tana tsugune tana matse zanin gado. Ta dube ni, ta ga bakina a rufe.

Ta ce, "Bar shi, yau ni zan faɗa."